Mai Tsaron Raga na Azurfa

Magariba ta kawo kai, gidan mai gyaran agogo ya yi tsit, sai kukan fanka. Yana zaune da akwatinsa a cinya, yana duban sulallan da ya kwashe rabin rayuwarsa yana tarawa, irin waɗanda ake bugawa don tunawa da manyan wasanni. Wannan da hoton ɗan tsere, wancan da mai ninƙaya, kowanne cikin 'yar robarsa. Duk ranar da matarsa ta yi maganar kuɗin karatun 'yarsu Auta, akwatin yake nuna mata. Gida ne a ciki, in ji shi, har da mota.

Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo baya. Aka leƙa, babu kowa. Can daga ɗakin Auta wata murya mai kauri ta fara kiran sulallan ɗaya bayan ɗaya, tana dariya.

Haka aka yi kwanaki. Auta ta daina ci, ta daina gane uwarta, ta zube kamar tsumma. Da asibiti suka ce ba su ga komai ba, aka ɗauko malami mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta miƙe zaune. Ya tambayi wanda ke jikinta me yake nema. Muryar ta ce shi ma mai tara sulalla ne, tun kafin a haifi kakan maigidan, kuma ɗaya ya rage masa: mai tsaron raga na azurfa da ke cikin akwatin maigidan. A ba shi ya fita, a hana shi ya tafi da yarinyar.

Maigida ya durƙusa. Ya yi tayin biyu a madadinsa, ya yi tayin biyar, ya ce a kwashe sauran duka.

"Sauran?" in ji muryar. "Dalma ce aka shafa wa ruwan azurfa. Tarkace ka tara, bawan Allah. Wannan kaɗai ne na gaske."

Maigida ya tsaya yana kallon akwatin. Numfashin Auta na fita da ƙyar.

"Baban Auta," in ji matarsa a hankali, "wai tunani kake yi?"

A yi masa adalci, bai daɗe ba. Ya dai ɗan wuce yadda ya kamata uba ya daɗe. Ya ɗauko sulen ya miƙa, aljanin na gargaɗinsa ya riƙe ta gefe, kada ya ɓata masa kaya da yatsa. Malam ya sa aljanin rantsuwa ba zai dawo ba. Sulen ya ɓace, Auta ta yi atishawa, ta ce Umma ta ba ta ruwa.

A bakin ƙofa Malam ya lallashi maigida, ya ce ai aljanu sun iya ƙarya. Maigida ya riƙe maganar nan gam da hannu biyu. Da wani dillalin sulalla ya zo da madubinsa zai yi wa sauran kuɗi, maigida ya tare shi a waje, ya ce mabuɗin akwatin ya ɓata.