Mai Riƙe Igiya

Kai ma ka sha wuce dutsen nan na bayan unguwa, ka hangi matasa maƙale a jikinsa, ka ja tsaki ka kau da kai. To a gindinsa suka haɗu.

Ita ɗalibar jinya ce, ta zo ranar Asabar ta gwada hawa. Shi tela ne, kuma shi ke riƙe wa masu hawa igiya daga ƙasa. Ya duba ƙullin da ke ƙugunta, ya ce ta sake. Ta harare shi, ta sake. Kafin wata ya ƙare yana ce mata Ƙadangaruwa, tana ce masa Turkena.

Mahaifinta, tsohon mai gyaran wayar lantarki, ya ce zai ba shi ita idan ya yi alkawarin raba ta da dutse. Da telan ya ce to, da an wuce wurin. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ba zai ɗauki alkawarin da ya san zai saɓa ba. Aka hana shi zuwa gidan, ita ma aka hana ta fita.

"Turkena, kantar hannuna ta fara gogewa," ta rubuto masa. "Ina shafa tafina, ina jin kamar kai ake goge mini."

"Igiyarki na rataye a shago. Kullum sai na kaɗe mata ƙura."

Da uban ya ga ta rame, sai ya ɗingisa zuwa dutsen don ya ja wa telan kunne. Ya same shi fuska sama, yana sakin igiya a hankali, wani gandamemen ɗalibi na can tsakiyar dutse yana makyarkyata. Ya yi sallama. Telan ya amsa bai juyo ba. Uban ya ɗaga murya ya faɗi ko shi wane ne.

"Baba, a gafarce ni, sai ya sauko."

Tsohon ya tsaya cikin rana yana huci. Sai da ƙafar ɗalibin ta taɓa ƙasa telan ya zube yana ba da haƙuri. Uban ya dube shi, sannan ya buga gurguwar ƙafarsa.

"Wanda ya riƙe mini tsani ranar da na faɗo, wani babban mutum ya juya ya gaisar. Ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure, iyaye suka yi ta sa albarka, gwaggonta na mitar wai amarya ba ta bar farce ko ɗaya ba.

Yanzu yara masu hawa sun ninka, igiyoyi sun tsufa, masu riƙewa ba su kai yatsun hannu ba. Ƙanwarka ma tana leƙen wurin, kana sane. Asabar ɗin nan ka tashi ka raka ta, ka koyi ƙulli, ka kama igiya.