Wa Ke Karanta Labaran Nazeefa?

"Kai kaɗai ka san lambar sirrina, Surajo!"

Nazeefa ta ajiye wayar a teburinsa, idonta ya yi ja. Aikinta a ma'aikatar shi ne tattara wa oga labaran safe, kuma yau ma wani labari ya wuce ta. Kwamfutar ofis na nuna arba'in ba a karanta ba, wayarta ta ce babu ko ɗaya.

Surajo ne ya saka mata manhajar labaran ranar da suka fara haɗuwa. Daga nan hira ta yi nisa, har ya tura magabatansa Karu. Mahaifinta, Alhaji Wakili, ya ce bai san asalin yaron ba.

"Haba Zeefata, leƙen me zan yi miki?"

"Na gaji. Da kai, da Baba, da oga."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na duba. Waya da kwamfuta lafiya lau, ta ofis ce ba ta sabunta ƙirgarta sai an kawo wuta. Amma akwai na'ura ta uku, kullum bayan asuba take buɗe komai. Ba ni ba ce. Ki ci abinci."



Washegari ta kai wa Baba shayi, ta tarar da shi kan darduma, tabarau a hanci, tsohuwar tablet ɗinta a cinya. Yana bin labaranta ɗaya bayan ɗaya.

"Tun da na bar aiki, ita ke ɗebe min kewa," ya ce. "Kira yaron nan ya cire ni daga asusunki."

Surajo ya zo, ya durƙusa. Bai cire shi ba sai da ya buɗe masa nasa asusun daban, ya zuba masa labaran noma da siyasa.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. "Ka ce wa mutanenka su dawo."

A bakin ƙofa Nazeefa ta sunkuyar da kai. "Ka yafe min."

"Kin ci abincin?"

Aka ɗaura aure, Baba ya sa musu albarka har muryarsa ta dushe.

Safiyarsu ta farko, ko shayi ba su sha ba, aka buga ƙofa. Wani dattijo ne da tablet a hammata, wasu na biye da shi.

"Nan ne gidan surukin Alhaji Wakili? Tawa ma ba ta ƙirga daidai."