Auta da Jar Motar Kaka

A wani gida mai ƙaramin gareji a gefe, akwai wata yarinya da kowa yake kira Auta. Ita ce ƙarama a gidan. Yarinya ce mai shiru-shiru, mai yawan tafiya duniyar tunani. Sai a yi mata magana tana kallon mutum, amma hankalinta yana can wani wuri. Malamar ajinsu ta sha cewa jikin Auta ne yake zuwa makaranta da wuri, hankalinta kuwa sai ya ga dama yake biyo baya.

A cikin garejin akwai wata tsohuwar jar mota. Ta kakan Auta ce, mahaifin Baba, wanda ya rasu tun ba a haife ta ba. Baba ba ya zuwa aiki da ita. Yana lulluɓe ta da wani lallausan mayafi, sai ranar hutu yake fito da ita.

Baba yana da kanta guda a bangon garejin, cike da kwalabe da gwangwanaye. Akwai sabulun jikin mota, akwai na taya, akwai na gilashi. Akwai man sheƙi mai ƙamshin lemo. Akwai tsummoki masu laushi kamar gashin kyanwa, kowanne da launinsa. Mama takan yi dariya ta ce motar nan ta fi kowa a gidan yawan man shafawa.

Duk ranar hutu da safe, Baba yakan ajiye bokiti biyu a inuwa. Ya jawo tiyo ya fara jiƙa motar daga sama. Auta kuma ta kife tsohon bokiti ta zauna a kai, ta rafka tagumi.

Tana son wannan lokaci fiye da kowane lokaci. Kumfa takan gangaro a hankali daga rufin motar, fara fat. Auta sai ta ga kamar dusar ƙanƙara ce take saukowa daga kan dutse. Idan Baba ya gama goge bonet, wato murfin injin da ke gaban motar, sai sararin sama gaba ɗaya ya sauko cikinsa. Gajimare ya riƙa wucewa a cikin jan fentin. Tsuntsaye su ratsa ta ciki su fita. Auta takan ji kamar in ta sa ƙafa, za ta nutse cikin wata jar sama mai ɗumi, ta yi ta iyo har ta iske Kaka zaune yana jiran ta.

Baba kuwa yana aiki yana bayani. Yakan faɗi dalilin bokiti biyu, da dalilin da ya sa ba a wanke mota a rana. Yakan faɗi abin da ake taɓa fenti da shi da abin da ba a taɓa shi da shi. Amma muryarsa takan zo wa Auta kamar yayyafi a kan kwano, mai daɗi, ba tare da ta riƙe kalma ko ɗaya ba.

"Kin ji ko, Auta?" in ji Baba.

"Na ji, Baba," in ji ta, idonta yana kan gajimare.

Baba yana da abokai masu son tsofaffin motoci irinsa. Wani lokaci sukan taru a wani babban fili, kowa ya zo da tasa tana walƙiya. A bana Baba ya yi wa Auta alkawarin zai tafi da ita. Ya ce ita za ta tsaya kusa da motar, ta riƙa gaya wa mutane cewa fentin nan na asali ne, tun na zamanin Kaka, ba a taɓa sake shi ba. Auta ta yi kwanaki tana mafarkin ranar.

Ana gobe za a je, Baba ya tashi da wuri ya wanke motar ya shafe ta da man sheƙi. Bai gama mayar da ita ciki ba aka kira shi wurin aiki da gaggawa. Ya bar ta a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gareji, ya ce zai dawo da yamma.

Da Auta ta dawo daga makaranta, sai ta zarce wurin motar ko jaka ba ta ajiye ba. Nan ta ga abin da ya ɓata mata rai. Wani tsuntsu ya yi kashi a tsakiyar bonet. Ya bushe ya kama, fari a kan ja.

Ta sa yatsa ta taɓa, bai fita ba. Ta shiga gareji ta ɗaga kai ta dubi kanta. Kwalabe sun yi mata yawa, ga su can sama, kuma ba ta san wacce ce wacce ba. Ta ji ƙarar keken ɗinkin Mama daga ɗaki. Har ta nufi can don ta tambaya, sai ta tsaya.

Wani hoto ne ya zo mata. Ta ga Baba ya dawo, ya ga motar tsaf, yana tambaya wa ya yi wannan aiki. Ta ga kanta ta fito daga bayan ƙofa tana murmushi. Hoton ya yi mata daɗi sosai. In ta tambayi Mama, shi ke nan bazatar ta lalace.

Sai ta lallaɓa kicin. Ta ɗauko soson wanke-wanke, mai gefe ɗaya kore mai kaushi. Ta ɗebo garin da Mama take dirje gindin tukunya da shi. A ranta ta ce abin da yake fitar da ƙonon tukunya ai ba zai kasa fitar da kashin tsuntsu ba.

Ta jiƙa soson, ta barbaɗa gari, ta fara dirza. Nan da nan kashin ya fita. Wurin ya yi ta ƙyalli saboda ruwa, Auta ta ji daɗi. Ta ƙara zagaya soson a gefe da gefe don ko'ina ya yi daidai, tana 'yar waƙarta.

Rana ta busar da ruwan. Sai ƙyallin ya tafi tare da shi. A tsakiyar bonet aka bar wani tabo mai faɗin faranti, ya yi fari-fari kamar hazo, cike da siraran layuka masu zagaye. Auta ta zaci gari ne bai fita ba. Ta ƙara ruwa ta ƙara dirzawa da ƙarfi. Da ya sake bushewa, tabon ya ƙara girma.

Ta juya soson ta duba. Koren ya koma ja.

Ta leƙa bonet, ga gajimare yana tafiya a gefe, amma da ya iso wurin tabon sai ya ɓace. Kamar an huda sama ne aka bar rami.

Tana tsaye a haka Mama ta fito neman sosonta. Ta dubi hannun Auta, ta dubi motar. Auta ta fashe da kuka, ta roƙi Mama ta taya ta lulluɓe motar kafin Baba ya dawo, ko kuma ta ce ba su san abin da ya faru ba.

Mama ta durƙusa ta share mata hawaye da gefen zanenta.

"Ba za mu lulluɓe ba, kuma ba za mu yi ƙarya ba," in ji ta. "Ke za ki gaya masa da bakinki. Ni zan tsaya kusa da ke."

Da yamma Baba ya dawo. Auta ta tare shi a ƙofa, soson yana hannunta. Ta ba shi labari daga farko har ƙarshe. Ta ce so take ta faranta masa rai.

Baba ya je ya tsaya a gaban motar. Ya sa bayan hannunsa ya shafi tabon a hankali, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

"Fentin nan, hannun mahaifina ya taɓa shi," ya ce daga baya. "Na sha gaya miki cewa ba a kai masa abu mai kaushi. Kin ce kin ji."

"Ban ji ba, Baba," in ji Auta, kanta a ƙasa. "Cewa kawai nake yi."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce gobe da safe babu zuwa fili. Za su zauna a gida ita da shi, su ga abin da za a iya cetowa.

Washegari da safe abokan Baba suka biyo ta layin su Auta da motocinsu a jere. Akwai shuɗiya, akwai fara, akwai wata ruwan ƙwai mai buɗaɗɗen sama. Suka danna ham a ƙofar gida. Baba ya fita ya ce su yi gaba, wani aiki ya riƙe shi. Auta ta leƙa ta ƙofar gareji har motar ƙarshe ta sha kwana. Sabuwar rigar da ta ajiye don ranar tana rataye a ɗaki. Hawaye ya sake cika mata ido, amma ta haɗiye shi.

Baba ya kira ta. Wannan karon ba ta kife bokiti ba. Ta tsaya a gefensa, ta dubi bakinsa, ta kasa kunne.

Ya fara da nuna mata wani ɗan kashin tsuntsu da ya samu a kan rufin. Ya jiƙa tsumma mai laushi ya ɗora a kai, ya ce su jira. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga tsumman, kashin ya biyo shi ba tare da an dirza ba. Auta ta buɗe baki. Ashe ruwa da haƙuri kaɗai ake bukata.

Sannan ya bayyana mata bokiti biyu. Ɗaya na sabulu ne, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashi ya koma jikin mota ya karce ta. Ya ce tsumman da ya faɗi ƙasa ba ya sake taɓa fenti sai an wanke shi. Auta ta maimaita kowane abu da bakinta. Inda ba ta gane ba ta tambaya, Baba ya sake faɗa.

Suka koma kan tabon. Baba ya ɗiga wani farin mai a kan ɗan lallausan soso. Ya ce tsohon fenti siriri ne, don haka da hannu za su yi, kaɗan-kaɗan. Ya kama hannun Auta ya nuna mata yadda za ta bi. Suka goga, suka share, Baba ya haska tocila ya duba, suka sake. Kafaɗarta ta yi tsami. Mama ta kawo musu ruwa mai sanyi, ta tsaya kallo, ta ce yanzu masu hidimar motar sun zama biyu, ita dai ta shiga uku. Baba ya yi murmushinsa na farko tun jiya.

A hankali hazon ya fara washewa. Jan ya dawo daga gefe, yana matsowa tsakiya. Rana ta karkata kafin su gama. Layi ɗaya ne ya ƙi fita, siriri kamar gashi, inda Auta ta fi dannawa. Baba ya ce in suka matsa masa za su cinye fentin, gara su bar shi.

"Ba zai taɓa fita ba?" in ji Auta.

"Ba zai fita ba. Amma na yafe miki. Je ki sa rigarki mu tafi fili."

Suka isa filin da la'asar, mutane sun fara raguwa. Motocin da suka rage suna jere a cikin hasken yamma mai laushi, kamar manyan kifaye masu launi suna hutawa a bakin ruwa. Abokan Baba suka zagaye jar motar suna yaba ta.

Wata dattijuwa mai farar mota ta sunkuya da tabaraunta ta hango layin. Ta tambayi abin da ya same shi. Auta ta dubi Baba, sannan ta faɗi gaskiya. Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce duk wanda yake filin nan ya taɓa ɓata fenti, wasu ma da furfurarsu suka yi, amma ba kowa ne yake tsayawa ya gyara ba.

Daga nan ta buɗe ƙofar farar motarta, ta ce Auta ta shiga ta kama sitiyari. Auta ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Ta tambaya ko sai ta goge hannunta tukuna, kuma ina ne ake taɓawa, ina ne ba a taɓawa.

Dattijuwar ta juya ta dubi Baba. Ta ce in yarinyar nan tana neman aikin hutu, garejinta a buɗe yake. Kowa ya yi dariya, har da Auta.

A hanyar gida iska tana kaɗa mata fuska ta taga, Baba ya tambaye ta abin da ta koya.

"In ana yi mini bayani, in saurara da gaske," in ji Auta. "In kuma ban san abu ba, in tambaya kafin in taɓa. Kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa ba."

Baba ya ce haka ne. Sannan ya ce mako mai zuwa ita za ta wanke tayoyi, duka huɗun.