Ƙasar Kufai

Rana tana gab da faɗuwa sa'ad da curin laka na farko ya faɗo tsakar gidan Malam Bilyaminu a Yelwa. Matarsa Tabawa tana gyaran kifi. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya faɗo kusa da ƙafarta, a jiƙe, yana warin tafki.

Wata uku ke nan mutanen unguwa suna gyaran tsohon zauren gidan, wanda kakan Bilyaminu ya gina. Magina sun ba da ƙarfinsu, mata sun yi ta jidar ruwa. 'Yarsa Murjanatu, wadda ta karanta zane a kwaleji, ita ta fitar da adon bango da hannunta. Da aka rasa ƙasa mai launi irin na da, sai matasan da ke cikin aikin suka gano ta a bakin tafki, inda ruwa ya janye ya bar kufan wani ƙauye da ya nutse tun zamanin gina dam. Tsohon magini Bappa ya ce ba a gini da ƙasar kufai. Aka yi masa dariya.

Bangon bai taɓa bushewa ba. Kullum magariba sai ya yi gumi, lakar kuma ta soma faɗowa. A rana ta bakwai aka tarar da Murjanatu a zaure, goshinta jingine da bango, tana magana da Gunganci, harshen mutanen ƙauyen da ya nutse, wanda ba ta taɓa koyo ba. Ta daina ci. Ta daina gane uwarta.

Aka ɗauko Malam Illo daga Warra. Ya zauna gabanta bayan la'asar, ya yi ta karatu a hankali har inuwa ta cika zauren. Sai bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ruwa ya ci garinmu, mutane sunka tashi, ni na zauna. Bango guda ya rage mini. Shi ma kunka kwashe."

"Mi kike so, baiwar Allah?" in ji malamin.

"Kun ɗauki ɗakina, na ɗauki ɗiyarku. Hannunta na da kyau."

Tabawa ta toshe baki da gyale.

"Ba ki da hakki a kanta," in ji malamin. "Ƙasarki dai taki ce. In an mayar?"



"Duka. Ko cikin cokali kada ya saura."

Malam Illo ya dubi maigidan. Bilyaminu ya dubi bangon, guminsu na wata uku, da zanen da 'yarsa ta yi ta shafawa da yatsu. A waje maƙwabta sun yi cirko-cirko. Bilyaminu ya fita, ya karɓi diga a hannun wani, ya dawo.

Da sara na farko Murjanatu ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Maƙwabta suka shigo da kwanduna ba tare da an kira su ba, wani ya tafi neman kwalekwalen da za a mayar da ƙasar.

Can Murjanatu ta buɗe ido. Ta daɗe tana sauraren ƙarar digar.

"Inna," ta ce, da muryarta ta kullum, "wa ke rushe mini aiki?"

Tabawa ta ƙanƙame ta.

"Babanki ne. Bar shi ya gama."