Jirgin da Ya Sauko Shiru

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Ikrima waya a Birnin Kudu. Ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsayen jan-baki ya faɗi a bayan kasuwar Basirka, matuƙinsa Kyaftin Barau ya rasu.

Ikrima ya ga haɗarin mota iri-iri, amma da ya tsaya gaban tarin ƙarfen nan a gonar dawa, sai da ya yi salati. Ɗazu fa abin nan sama yake ketawa!

Kafin azahar kowa ya wanke kansa tas. Manajan kamfanin feshin ya ce matuƙi ne ya yi ƙasa-ƙasa don ya burge 'yan kasuwa. Wakilin masu ƙera jirgin ya ce injinsu ba ya mutuwa haka kawai. Mamaci dai ba ya musu.

Matar marigayin, Safiyatu, ta tari Ikrima tana kuka. "Yallaɓai, haka 'ya'yansa za su tashi ana cewa ganganci ya kashe ubansu?"

Ikrima ya nemi Buba, makiyayin da ya ga faɗuwar.

"Kullum in ya wuce shanuna watsewa suke," in ji Buba. "Yau ko kunne ba su kaɗa ba. Shiru ya taho kamar shirwa, ya doshi kasuwa, sai ya karkata ya yi gona."

Ashe injin tun a sama ya mutu, alhali ga mai a tanki. Ikrima ya durƙusa ƙarƙashin fiffike, ya ga wani siririn bututu cushe da busasshen laka. Ya sa tsinke, tsutsa ta faɗo.

"Zanzaro!" ya ce. Shi dai wanda ke toshe masa bakin buta a gida.

Wakilin ya dafe kai. "Ta nan tanki ke shan iska. In ya toshe, mai ba ya sauka. Shi ya sa muke cewa a rufe jirgi in an ajiye."

Ikrima ya wuce filin da ake ajiye jirgin, ya sami Jafaru makanike.

"Wa ke rufe shi?"

"Ni ne, yallaɓai. Wallahi kullum a lulluɓe yake. Ga tamfol ɗin can."

Ikrima ya ɗaga tamfol ya kakkaɓe. Riɗi ya zubo warwar a kan takalminsa.

"Jirgi na cin riɗi ne?"

Jafaru ya zube ƙasa. "Da aka dakatar da feshi kwanakin baya na ɗauki tamfol ɗin na je bugun riɗina. Yau da safe ban duba bututun ba. Ban zaci ƙwaro..."

Kofur ɗin da ke tare da Ikrima ya buga masa ankwa, aka sa shi a mota.

Ikrima ya daɗe yana juya ɗan lakan a tafinsa, yana jin tsoron Allah na ratsa shi. Sannan ya koma wajen Safiyatu.

"Ki gaya wa yaran," ya ce, "kasuwa cike take da mutane, ubansu ya zaɓi gona."