Fanka Tana Juyawa, Kwamfuta Shiru

A wani gari an yi wani mai gyaran kwamfuta da bai taɓa cewa "ban sani ba". Wata malama ta kawo masa tata da ta ƙi kunnuwa, tambayoyin jarrabawa duk suna ciki.

Ya ciro akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ya haɗa koriyar waya da baƙa. Fankar da ke cikin akwatin ta juya.

"Lafiyarsa lau, Malama!"

Ya mayar, shiru. Ya ciro, fanka ta juya. Ya mayar, shiru. Kansa ya ɗaure.

"Malam, gobe ne fa jarrabawar."

Ya sosa ƙeya, ya tsallaka shagon maƙwabcinsa, wanda kullum yake yi wa dariyar yawan awo.

"Ara mini mitarka ta awon wuta. Wallahi ban sani ba."

Mita ta nuna wutar da akwatin ke bayarwa ba ta kai ta kunna kwamfuta ba. Fanka kuwa tana ta juyawarta.