Almakashin Mai Ɗinki

Da Sajan 'yan sanda ya shiga ɗakin, kwamfutar na kwance a kan teburin yanka yadi, an buɗe mata ciki, mai gyara yana tsaye a kanta.

"Ga shi nan, Yallaɓai," in ji mai gyaran, yana nuna wani siririn allo. "Ram ke nan, shi ke ba ta sauri. An cire babban da aka saya, an maƙala wannan ɗan tsohon. Shi ya sa take tafiyar hawainiya."

Mai ɗinki, wadda ta kai ƙarar, sai huci take yi. Ita ta sayo kwamfutar don mijinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a gida, ko zai riƙa buga wa mutane takardu da hannun da ya rage masa. Tun da safe ta tara wa mai shagon jama'a, ta kira shi ɓarawo a gaban maƙwabtansa. Yanzu ga mai shagon, wani tsoho, zaune a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana jiran a ce masa ya wuce ofis. In ya kwana a bayan kanta, sunansa ya gama lalacewa a layin, kuma Saja ya san haka.

"Malama, kin tabbata wannan ce kika zaɓa a shago?"

Ta ɗaga akwatin, ta nuna masa zanen allin ɗinki a ƙasansa. "Da hannuna na yi, don kar a musanya min. An kunna ta a gabana, gudu take kamar me."

"Wa ya ɗauko ta?"

"A kan cinyata ta zo gida. Ko direban tasi ban bari ya taɓa ba."

Saja ya cire direba daga zargi. Ya dubi maigidan, wanda ke kan kujera, hannun damansa a lanƙwashe bisa ƙirji. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa ba zai kwance sukurun da ke ɗaure murfin kwamfuta ba. Ya juya ga tsohon.

"Baba, wannan takardar da aka manna a kan sukurun ta waye?"

"Tawa ce. Duk abin da na sayar sai na manna."

"An yage ta."

"To ka gani, ɗana. In ni ne, me zai hana in manna sabuwa? Tulinsu gare ni a durowa."

Maganar ta shige Saja. Ya sunkuya ya ƙura wa sukurun ido. Kansa duk ya sha ƙarzuwa, fentin gefensa ya ɗaɗɗaye, aikin wanda ba shi da kayan aiki a hannu.

"Kai ka yi wannan?" ya tambayi mai gyara.

"Haba Yallaɓai, da sana'ata? Haka na tarar da shi."

Idon Saja ya sauka kan babban almakashin da ke rataye a bango. Bakinsa ɗaya ya ɗan karkace.

"Wannan fa?"

"Kar ka tuna min," in ji Mai ɗinki. "Jiya na ɗauko zan yanka yadin mutane, na ga an ɓata min shi. Kowa a gidan nan ya san ba a taɓa min almakashi."

Saja ya sauke almakashin, ya sa bakin a kan sukurun. Ya zauna daram.

"A nan ɗakin aka buɗe ta," in ji Saja. "Malama, me ya sa kika zaɓi wannan, ba wata ba?"

"Ni wata ƙarama na so, ta fi araha, kuma Baba ya ce ta isa buga takardu. Auta ne ya nace sai wannan. Ƙanina ne, shi ya san kan abubuwan nan."

Auta, saurayi ne mai gemu, yana jingine da taga tun ɗazu yana latsa waya. "Don ta fi ƙarko ne, Yaya," ya ce, bai ɗago ba.

Tsohon ya ƙura masa ido, ya miƙe a hankali. "Na tuna ka. Kai ne ka zo kwanakin baya kana neman babban ram na irin wannan samfurin, ka ce ya yi maka tsada."

"Kana da kwamfuta?" Saja ya tambayi Auta.

"Tsohuwa ce."

"Irin wannan?"

Auta ya ci gaba da latsa wayarsa.

"Mu je ɗakinka mai gyara ya buɗe ta."

Wayar ta suɓuce daga hannun Auta. "Yaya, wallahi aro na yi. Na ga buga takardu kawai zai yi, ba zai lura ba."

Saja ya numfasa. "Ba don Yayarka ka yi zaɓin ba, don taka kwamfutar ka yi. Ka kai ta ga wadda kayanta za su shiga taka, ka bari ta biya. Ka zo ba sukurdireba don kar a gan ka da ita, ka ɗauki abin da ke kusa. Da ɗan waje ne, da ya zo da kayan aikinsa."

Mai ɗinki ba ta ko kalli Auta ba. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma a fuskarta Saja ya ga kunya ta fi fushi yawa. Ta yafa mayafinta, ta karɓi hular tsohon ta kaɗe, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, mu koma shago."

"Ya wuce, 'yata. A bar shi a nan."

"A'a. A gaban mutane na kira ka ɓarawo, a gabansu zan janye." Ta tsaya a bakin ƙofa. "Auta, wuce gaba. Kai za ka faɗa musu da bakinka."